Mun Ga Rashinta, Mun Ga Yawanta: Waya da Kwanciyar Hankali a Ƙasar 'Yandoto

Masu binciken illar intanet ga lafiyar ƙwaƙwalwa a Amurka sai sun biya mutum kuɗi kafin ya yarda ya ajiye Facebook na wata guda, su auna abin da ya canza a tare da shi. Mu a Zamfara kyauta aka yi mana, kuma ba a nemi yardarmu ba. Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don sojoji su samu sararin fatattakar 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai da Oktoba ta kama, sauran sassan jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin a maido musu.

Wanda ya zauna tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu a watannin nan ya ji shaida iri biyu, sau da yawa ma daga baki ɗaya. Ta farko ita ce an yi barci. Majalisun ƙofar gida sun cika bayan la'asar, samarin da ba sa amsawa sai an kira sunansu sau uku suka dawo cikin hira, rediyo ta sake hawa karagarta. Ta biyu ita ce an shiga wani zullumi da ba a saba da irinsa ba. Uwar da ɗanta ke ci-rani a Legas ba ta san halin da yake ciki ba, shi ma bai san ko ƙauyensu na nan a tsaye ba. Wanda aka ɗauke wa ɗan'uwa ya rasa ko 'yar muryar da ke tabbatar masa yana raye. Masu POS suka naɗe tabarma. Mutane suka riƙa shiga mota suna bin hanyar Funtua, hanyar da kowa ke addu'a kafin ya hau, don kawai su yi kira ɗaya su dawo. Jita-jita kuwa ba ta mutu don an kashe waya ba, ta koma bakin direbobi da fasinjoji ne, tana isowa a makare kuma a kumbure.

Saboda haka idan aka tambaye ni ko yawan intanet na taɓa hankalin mutanenmu, amsata ita ce yana taɓawa, kuma sosai. Amma wanda ya ce maganin shi ne a ƙwace waya, ko a riƙa ƙirga sa'o'in da yaro ya yi a kanta, bai fahimci ciwon ba. A ƙasar da ake kwana da tsoro, abin dubawa shi ne me ke shiga ido, da ƙarfe nawa yake shiga, da kuma abin da ya kori mutum har ya fake a cikin waya.

Binciken masana ma bai ba masu ƙirgar sa'o'i gaskiya yadda suke so ba. A 2019 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun tattara bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya, suka ga cewa yawan amfani da na'ura bai bayyana ko kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin walwalar da ke tsakanin matasan ba, iyakarsa kashi 0.4. Har suka nuna cewa alaƙar ba ta fi ta cin dankali girma da wani abin kirki ba. A gefe guda kuma, gwajin da Hunt Allcott da Matthew Gentzkow da abokan aikinsu suka yi kafin zaɓen Amurka na 2018, inda aka biya mutane su rufe Facebook na mako huɗu, ya nuna waɗanda suka rufe sun samu kusan awa guda a kowace rana, sun fi zama da iyalinsu, hankalinsu ya ɗan fi kwanciya, amma sun rage sanin abin da duniya ke ciki. Wato ƙaramin samfurin abin da muka gani a 2021. Babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi a 2023 cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a kafafen sada zumunta sun ninka sauran haɗarin alamun damuwa da fargaba. Masu suka suka ce to wa ya riga wani, wayar ce ta kawo damuwar, ko damuwar ce ta tura yaro cikin waya? Har yau ana wannan jayayya, littafin Jonathan Haidt na 2024 ma ƙara mata wuta ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa "yawan intanet" a jerin cututtukanta ba. Abin da ta sa a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022 shi ne jarabar wasannin na'ura, kusa da jarabar caca, kuma ma'aunin da ta kafa bai ambaci sa'o'i ba. Mutum ya kasa tsayar da kansa, abin ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, yana ganin ɓarnar da yake masa amma ya ci gaba, kuma a ɗauki kamar shekara ana haka. Telan da ke karɓar ɗinki ta WhatsApp tun safe har dare ba ya cikin wannan sahu, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke karatu a wayarsa ma haka. Wanda ke ciki shi ne wanda ya bar gona ta ci ciyawa, ya ranci kuɗin data, ya yi wa mahaifiyarsa tsawa don ta ce ya tashi sallar asuba.

Yawancin waɗannan bincike an yi su ne a kan yaran da babbar damuwarsu ita ce wa ya so hotona, wa ya yi biki bai gayyace ni ba. Wanda ya fi kama da halinmu wani ne daban. Bayan tashin bam a gasar gudun Boston ranar 15 ga Afrilu, 2013, masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Alison Holman da Dana Garfin da Roxane Silver, sun tambayi mutum sama da 4,600. Suka gano waɗanda suka riƙa shafe awa shida ko fiye a rana suna bin labarin harin a talabijin da intanet sun fi nuna alamun firgici mai tsanani fiye da waɗanda abin ya faru a gabansu ko ya taɓa nasu. Wanda ke wurin sau ɗaya ya gani, aka ɗauke shi, abin ya wuce. Mai kallo kuwa bam ɗin bai daina tashi a gabansa ba har mako ya zagayo. Hari ɗaya ke nan, mutum uku suka mutu. To a auna da ƙasar da ta shekara fiye da goma tana binne mutane, kuma kusan kowace jana'iza da hotonta a waya.

Ga yadda abin yake a kusa. Shagon caji da yamma, janareta na ƙara, wayoyi sun fi hamsin a jere kowace da lambarta a jikin tef. Saurayi ya karɓi tasa, ya kunna data, saƙonni suka fara zubowa. Sai ya ce wa na kusa da shi, "Kai, ka ga wanda anka turo?" Kafin ka ƙifta ido mutum shida sun sunkuya a kan waya ɗaya. Gawarwaki ne a jere an rufe su da zannuwa, mai ɗauka yana tafe yana yaye zanen ɗaya bayan ɗaya yana salati. Babu wanda ya san garin, babu wanda ya san ranar. Wani ya ce yankin Tsafe ne, wani ya ce a'a, wannan tun bara ya gan shi, na wajen Shinkafi ne. A ƙarƙashin gwiwar hannun manya akwai yaro ɗan shekara goma da aka aiko karɓar wayar yayarsa, ya kafa ido bai ko motsa ba. Ba wanda ya kore shi. Aka gama, kowa ya ce a tura masa, kowa ya tura wa guruf uku. Yaron ya tafi gida, kuma idan ya yi fitsarin kwance a daren nan duka zai sha.

Mai turawa ba mugu ba ne. A ransa yana ganin shaida yake bayarwa, don duniya ta san ana kashe mu, kuma da gaskiyarsa: ba don waya ba da yawancin abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara an musa shi. Lokacin da aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da lokacin da aka shiga gidajen ɗaliban Jami'ar Tarayya a Sabon Gida ta Bungudu a Satumban 2023, hayaniyar intanet na cikin abin da ya hana a yi shiru da maganar. Amma duniyar da ake son ta gani ba ta cikin guruf ɗin tsofaffin ɗaliban firamarenmu. Waɗanda ke ciki su ne mu, mu da muka riga muka sani, mu da gobe za mu hau wannan hanya. Bidiyon ba ya ƙara mana sani ko ƙwaya, sai dai ya ƙara mana bugun zuciya.

Akwai mutanen da kallon irin waɗannan hotuna shi ne aikinsu. A Nairobi, wani kamfani mai suna Sama ya ɗauki ɗaruruwan matasan Afirka suna tace wa Facebook abubuwan da ake ɗorawa, su kalli yanka da fyaɗe da kisan kai su goge. A ƙarshen 2024 rahoton likita da aka gabatar a shari'ar da suke yi da kamfanin da kuma Meta, mai Facebook, ya nuna fiye da 140 daga cikinsu na fama da ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, irin wanda ake samu a jikin sojan da ya dawo daga yaƙi. Su albashi ake ba su, kuma ga inda suka ƙare. Mu da kuɗin datarmu muke saye.

Wani sashe na bidiyon ma ba waɗanda aka zalunta ke ɗauka ba. Su kansu 'yan bindigar sun gane amfanin waya. Bello Turji ya sha fitowa yana jawabi, ana yaɗawa kamar sanarwar gwamnati. Wasu yaransu sun buɗe shafuka a TikTok suna baje damman kuɗi, suna rausaya da bindiga a kafaɗa, suna hira kai tsaye da masu kallo, har da masu tura musu lambar asusu suna roƙon a sammusu. Wanda ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa yana iya buɗe waya ya ga irin kuɗinsa ana wasa da su. Wace zuciya ce za ta ga wannan ta kwana lafiya? Tsoro shi ne jarin ɗan bindiga, da shi yake karɓar harajin noma ba tare da ya harba ko harsashi ɗaya ba, kuma duk wanda ya tura bidiyonsa ya yi masa dako kyauta. A Agustan 2022 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta a kan 'yan bindiga, ta ci wasu kamfanonin tauraron ɗan'adam irin wannan tara saboda sun nuna na BBC. Aikin 'yan jarida da aka tace, aka rufe abin rufewa, shi aka hukunta. Ɗanyen kuwa yana yawo a aljihun kowa.

Abin da ya fi damuna shi ne dare. Na san wata baiwar Allah a danginmu, mijinta direba ne a hanyar Gusau zuwa Funtua. Wayarta a ƙarƙashin matashin kai take kwana. Ta farka ƙarfe biyu, ta ce bari ta duba ko an ce wani abu game da hanya, sai ta tarar da saƙon murya na wani da ba ta sani ba yana cewa an ga babura sun fi ɗari sun nufo gabas. Ba rana, ba sunan gari. Daga nan barci ya ƙare. Da safe kai na sara, zuciya na bugawa, yara sun yi ƙaramin laifi ta hau su da faɗa, ta dawo tana kuka ita kaɗai. Ta sha maganin zazzaɓi da na taifot har ta gaji. Likitoci sun daɗe da sanin cewa rashin barci ba alamar ciwon damuwa kaɗai ba ne, yana cikin abubuwan da ke jawo shi, kuma yana tayar da ciwon ƙwaƙwalwar da ya kwanta. Manhajojin nan kuwa an gina su ne don kada ka ajiye: ba su da ƙarshen shafi, kuma abin da ka tsaya a kansa jiya shi za a ƙaro maka yau. Ka tsaya a kan gawa ɗaya, gobe a kawo maka goma. Na'urar ba ta san tausayi ko mugunta ba, lissafinta kawai daƙiƙa nawa idonka ya tsaya.

Ba za ka ce wa wannan mata ta kashe waya ba. Wayar ce ƙararrawarta. Ta nan ake cewa kada a fito, an tare hanya wajen kaza. Wannan shi ne bambancinmu da yaran Landan: abin da ke ba mu ciwo shi ne kuma abin da ke tsare ranmu, shi ya sa nasihar "rage danna waya" ke faɗuwa ƙasa banza.

Bayan tsoro sai kwaɗayi, ko in ce fata, don ban ga laifin talaka ba idan ya yi fata. A 2024 guguwar mainin, wato haƙar kuɗin intanet ta waya, ta ratsa Arewa. Gidan mai shayi, bayan masallaci, ajin makaranta, ko'ina yatsu na dukan fuskar waya, ana tara maki a Hamster Kombat da ire-irensa ana jiran ranar da za ta fashe. Akwai masu waya uku, akwai masu sa ƙararrawa ta tashe su cikin dare don kada maki ya wuce su. Da ranar ta zo a ƙarshen Satumban shekarar, mafi yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Aka yi ta barkwanci, amma a bayan dariyar akwai samarin da suka riga suka yi wa budurwa alƙawari, suka ci bashi da sunan in ta fashe. Waɗanda suka zuba kuɗi a dandalin jari na CBEX kafin ta rufe a Afrilun 2025 nasu ya fi muni, kamar yadda na MMM ya kasance a 2016. Ga kuma cacar ƙwallo. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999 caca ta zama abin ɓoyo a jihar nan, amma yanzu gidan cacar yana cikin aljihu, ba Hisba ba uba da zai gan shi. Wanda caca ta cinye a garin da ake ƙyamarta ciwonsa biyu ne, ga hasara ga kunyar da ba ta barin ya faɗa wa kowa. Irin wannan shirun ne ke kai matashi ga ƙwaya, wani lokaci ga abin da ya fi ƙwaya.

Na 'yan mata kuwa ba sai an ja shi da nisa ba, kowa ya san shi. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna kamfanin da kansa ya san Instagram na ƙara wa wani kaso na 'yan mata ƙin jikinsu. A nan sigar da ya ɗauka ita ce bikin 'ya'yan manya na Abuja da Kano, akwatunan lefe jere, fatar da aka wanke da manhaja, yarinya a Kwatarkwashi tana kallo tana auna kanta. Man bilicin da ake sayarwa ta waya daga nan kasuwarsa take. Mafi muni shi ne wadda saurayi ya riƙe hotonta yana yi mata barazana, ba ta da wanda za ta gaya wa don ta san ita za a fara tuhuma.

Sai dai kafin mu ɗora wa waya komai, mu tambayi kanmu me ta tarar. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa da farin wata ya mutu a ƙauyuka da yawa, ba waya ta kashe shi ba, tsoro ne. Kokawa da dambe bayan kaka sun ja baya. Gonar nesa ba ta zuwuwa. Saurayin da iyayensa suka gudo daga ƙauye suka raɓe a kangon wani a gefen Gusau, ba makaranta ba sana'a, ina zai kai yininsa? Da yawa daga waɗanda muke kira mashaya waya, ciwon ya riga wayar zuwa. Ita dai ta ba su wurin ɓuya, sannan ta hana su fitowa. Ƙwace wayar irin wannan yaro ba tare da an ba shi wani abin riƙewa ba, an rufe masa taga ɗaya tilo ne a ɗaki mai duhu.

Akwai wani abin takaici game da sunan wannan ƙasa ta 'Yandoto. 'Yandoto gari ne na malamai tun kafin jihadi, ɗalibai na zuwa daga nesa, har tarihin baka na Katsina na cewa daga nan sarkinta Korau ya fito. A farkon ƙarni na 19 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, malamansa suka watse, kuma daga wannan ƙasa Malam Sambo Ɗan Ashafa ya tashi ya kafa Gusau. Amma ɗimbin matasan Najeriya ba su taɓa jin sunan ba sai a Yulin 2022, da hotunan naɗin ɗan bindiga Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji suka cika intanet, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Abin da ya sa na kawo tsohon tarihin shi ne tsarin karatun da irin waɗannan garuruwa suka gada, wanda har yau yana nan a makarantun allo: ba a ƙara wa yaro rubutu sai ya iya wanda ke allonsa, ya biya, ya wanke. Malam ne ke auna abin da kai zai iya ɗauka. Waya allo ce da ba a wankewa, ana ta rubutu a kan rubutu, kuma ba malam a kusa.

To idan ciwon ya kama, ina ake zuwa? Sunan farko da ake ba shi a gida shi ne iska, ko sammu, ko raunin imani. Sai ruƙiyya, sai hayaƙi, sai rubutun sha. Ban raina addu'a ba, kuma malamin kirki yakan kwantar da hankalin da likita bai samu lokacin saurara ba. Amma wanda ya yi wata uku ba ya barci, ba ya jin daɗin abinci, yana cewa gara ma ya mutu ya huta, yana buƙatar likita kamar yadda mai hawan jini ke buƙata, kuma ce masa "ka cika son duniya" ƙarin kaya ne. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa 300. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanenmu suka fi sani shi ne na Kware a Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Gusau, sai na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano, kuma sunayen nan uku sun zama abin zolaya a bakinmu, har mai buƙata yana jin kunyar a gan shi a ƙofarsu. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta yi magana mai kyau game da haƙƙin majinyaci. Amma doka ba ta duba mara lafiya.

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar hani. Sin ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako tun 2021, Ostareliya ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a manyan kafafen sada zumunta. A gidan da waya ɗaya ce, ta uwa, yara biyar na karɓa bi da bi, wannan doka ba ta da inda za ta kama. Kuma mun riga mun ɗanɗana hanin gwamnati, mun san wanda ya fi shan wuya.

Abin da ke hannunmu ƙanana ne, amma suna aiki. Mai kula da guruf yana da ikon da bai san yana da shi ba. Ya kafa sharaɗi: labarin tsaro a rubuce, da sunan gari da rana da wanda ya gani, ba hoton gawa, ba bidiyon ɗan bindiga, wanda ya saɓa a cire shi. Faɗakarwar ta isa, gubar ta tsaya a ƙofa. Limamai sun san Suratul Hujurati ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, sun kuma san addini ya ce a suturta mamaci, to huɗuba ɗaya a kan yaye zanen gawa don ɗaukar hoto za ta yi abin da takardar likita ba za ta yi ba. Unguwanni da yawa sun riga sun raba sintirin dare, yau waɗannan gobe waɗancan. Me zai hana a raba gadin waya haka? Mutum biyu su kwana da ita a kunne, in akwai abin tashi su buga wa kowa, sauran su ajiye tasu a nesa da shimfiɗa. Ba dole ne unguwa duka ta kwana ido biyu don labari ɗaya ba.

Sai ɓangaren gwamnati, wanda ba ya buƙatar gina sabon asibiti. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da tsarin mhGAP, na koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko yadda za su gane ciwon damuwa da firgici da jaraba, su yi maganin wanda za su iya, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya da ke Tsafe tana yaye ma'aikatan da ke zama a ƙananan asibitocin ƙauyukanmu. Su ne ke ganin matar direban nan idan ta zo da ciwon kai karo na huɗu. A koya musu, kafin su sake rubuta mata maganin taifot, su aje biro su tambaye ta: "Inna, ƙarfe nawa kike barci, kuma me kike kallo kafin ki kwanta?"